Burodin Tsala Na Sallah: Toyinsa Da Lissafinsa

Shugaba, mai rubutu, mai ajiyar akwati, masu ƙirgar kuɗi, masu riƙe makullai, iyayena da 'yan uwana mata, barkanmu da wannan zama. Ina yi wa na Gusau, da na Tsafe, da na Bunguɗu sannu da zuwa.

Kowace shekara, da zarar an ce azumi ya kai goma, buƙatun rance sukan ƙaru a akwatunanmu. Wannan za ta yi cincin, waccan dubulan, wata alkaki, wata kek. Sana'a ce mai kyau, kuma lokacin ciniki ne. Sai dai idan aka zo zaman farko bayan Sallah, a nan ake jin shiru. Kaya sun ƙare, kowa ya ci ya yaba, amma kuɗin biyan rance bai cika ba. Ita kuwa matar ba ta yi almubazzaranci ba, ba ta kuma yi ha'inci ba. Lissafi ne kawai ba ta yi ba kafin ta hura wuta. Da ma iyayenmu sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ba mu son a samu ko mace ɗaya a ƙungiyar nan da wannan magana za ta hau kanta.

To, yau abu biyu zan kawo muku a haɗe. Na farko, wani burodi da za ki iya toyawa a ɗakinki, ba yis, ba obin, ba man suya. Na biyu, yadda za ki lissafa shi tun kafin ki ɗaga hannu ki ce a ba ki rance.

Daga ina burodin ya fito?

Asalinsa daga ƙasar Ailan ne, tsibirin da ke maƙwabtaka da Ingila. Ya yaɗu a gidajen talakawansu wajen shekarun 1830 zuwa 1840, lokacin da bekin soda ya fara samuwa da araha. Matan karkarar can ba su da obin. Abin da suke da shi shi ne garin alkama, da gishiri, da nonon da ya rage bayan an kaɗa an cire mai, sai tukunyar ƙarfe mai murfi. Sukan sa ƙullun a tukunya, su ɗora a kan wuta, su zuba garwashi a bisa murfin. Har yau suna toya shi, kuma ranar 17 ga Maris, wadda ita ce babbar ranar bikin ƙasarsu, jikokinsu da ke Amurka ma sukan yi shi da zabibi don tuna gida.

Ku sake duba kayan nan da na lissafa. Nonon da aka cire wa mai, ai shi ne tsala da muke saye wajen matan Fulani. Tukunya da garwashi a sama da ƙasa, haka da yawanmu muke gasa kek. Haɗa abu mai tsami da abin da ke kashe tsami kuwa, kakanninmu sun daɗe suna yi: idan ƙullun waina ko kwaɓin alkaki ya yi tsami, ruwan kanwa ake ɗan zubawa. Kenan babu abin da yake baƙo a wurinmu sai haɗin. Shi ya sa na kira shi burodin tsala.

Yadda yake tashi babu yis shi ne: tsamin da ke cikin nono yana haɗuwa da bekin soda, sai su fitar da iska, iskar nan ta kumbura ƙullun. Wannan aiki yana farawa ne nan take, da zarar nono ya taɓa gari. Ku riƙe wannan, domin duk dokokin toyinsa daga nan suka fito.

Soda biyu ce, ɗaya guba ce

Kafin mu kai ga kwaɓi, akwai maganar da ta fi burodin muhimmanci. Da yawa a cikinmu muna yin sabulu, kuma abin da muke sawa a sabulu ma soda muke ce masa. Sodar sabulu guba ce. Tana ƙona baki da maƙogwaro da hanji, kuma yaron da ya sha ruwanta, ko ya rayu, yana iya shekaru bai iya haɗiye tuwo ba. Bekin soda na toyi daban ne: farin gari ne mai laushi, ana sayar da shi a rufe cikin kwali ko gwangwani a shagunan kayan kek. Kada ki aiki yaro ki ce masa kawai “sayo mini soda.” Je ki da kanki, ki ce bekin soda na kek, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikinsa. Wanda aka ƙulla a leda babu suna, ki bar shi. A gida kuma, kada kayan sabulu da kayan toyi su kwana wuri ɗaya, kada su yi tarayya a roba ko cokali. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha sodar sabulu, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kuskure masa baki da ruwa, a garzaya asibiti mafi kusa, a tafi da abin da ya sha don ma'aikata su gani.

Sannan bekin soda daban, bekin foda daban. Bekin foda yana ɗauke da abin tsaminsa a ciki, shi kuwa bekin soda sai ya samu nono ko lemun tsami yake aiki, kuma ya fi ƙarfi sosai. Wata za ta ce, “To ba sai in sa kanwa ba?” A'a. Ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, ta yau daban ta gobe daban, ga ƙasa a ciki. Abin sayarwa yana son awo tsayayye.

Awo da kwaɓi

Ga awon burodi ɗaya, da gwangwanin madarar ruwa ƙarami da kowa ke da shi. Fulawa gwangwani 6, a shafe baki, wato kimanin rabin kilo. Tsala gwangwani 2 da rabi. Bekin soda cokalin shayi 1, a shafe, kada ya yi tsororo. Gishiri cokalin shayi 1. Waɗannan huɗun su ne asali. Amma tunda na Sallah ne, kuma mutanenmu suna son ɗan zaƙi, ki ƙara sukari babban cokali 3 da man shanu ko bota babban cokali 2. Mai hali ta yanka dabino ƙanana ta zuba cikin tafin hannu ɗaya, ko zabibi. Idan kina da alkama, irin wadda ake nomawa da rani a wajejen Bakalori, ki kai inji a niƙo, ki yi rabi fulawa rabi garin alkama. Ya fi riƙe ciki, ya fi ƙamshi, sai dai yakan ɗan fi shan nono.

Maganar nono: ki ɗanɗana kafin ki saya. Tsala mai tsami sosai ake so. Wadda aka cika wa ruwa ba za ta tayar da burodi ba, sai ya fito a daskare yana ɗacin soda. Idan kindirmo kika samu, ki sirka shi da ruwa kaɗan har ya yi kaurin koko marar kauri. Kun san kuma yadda matsalar tsaro ta tashi rugage da yawa a yankinmu, ga rani idan ya yi nisa nono yana wuya. In bai samu ba, ki dama madarar gari da ruwa daidai awon nan, ki matsa lemun tsami babban cokali 2, ki bar shi minti 10 ya tsinke. Zai yi aikin.

Abin farko, wuta. Ba a fara kwaɓi sai tukunya ta yi zafi. Ki samu tukunya mai kauri da murfi mai kama baki, ki zuba yashi mai tsabta a ƙasanta kamar kaurin yatsu biyu, ki ɗora a kan kurfoti ta yi minti 15 tana ɗaukar zafi. Ki shafa mai a faranti ko gwangwanin kek, ki barbaɗa fulawa, ki ajiye kusa.

Sai ki tankaɗe fulawa da soda da gishiri da sukari tare, sau biyu, don kada sodar ta dunƙule wuri ɗaya. Inda ta dunƙule, nan za ki ga ɗigo rawaya mai ɗaci. Ki murje man a cikin garin da yatsunki har ya ɓace. Ki yi rami a tsakiya, ki zuba tsala, ki rage kaɗan a gwangwani ko da za a buƙata. Ki juya da hannu ɗaya har gari ya haɗe ya zama ƙulli mai laushi, mai ɗan kama hannu. Shi ke nan, ki tsaya. Na san hannunmu ya saba da murzar cincin, amma wannan ba ya son murza. Idan kika murza shi, iskar ta fice, ya fito da tauri kamar dutsen niƙa. Minti ɗaya ya isa.

Ki juye a faranti, ki mulmula shi, ki danna ya yi faɗi, kaurinsa kamar yatsu uku a jere. Ki ɗauki wuƙa mai kaifi ki tsaga samansa tsaga biyu masu ratsa juna, masu ɗan zurfi, domin zafi ya samu hanyar shiga tsakiya. Nan da nan ki sa a tukunya a bisa yashin, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfi. Wutar sama ta ɗan fi ta ƙasa yawa, don ƙasan ya fi saurin ƙonewa. Kada ki buɗe sai ya yi minti 30. Yawanci minti 40 zuwa 45 yake nuna. Mai obin ta sa a maki 200. Alamar nuna ita ce ki juya shi ki ƙwanƙwasa ƙasansa: idan ya yi amo kamar ƙwarya wadda ba komai a ciki, ya yi. Ki lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta ya huce, don ɓawon ya yi laushi. Kada ki sa a leda da zafinsa, zai yi gumi ya lalace.

Ba ya jiran Sallah

Yanzu ga inda ya bambanta da sauran kayan toyi. Cincin da dubulan suna yin makonni a rufe, don haka ana iya yin su tun azumi na ashirin. Burodin tsala kuwa daɗinsa ranar da aka toya shi ne da washegari. Kwana na uku ya fara bushewa. Ga shi kuma ƙaramar Sallah ba a san ranarta tabbas ba sai daren 29 ga azumi, idan sanarwar ganin wata ta fito daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Wadda ta toya guda 20 da yammacin ranar 29, aka ce ba a ga wata ba, burodinta zai kai kwana biyu kafin a sauko daga idi, kuma kwastoma ba zai yi mata uzuri ba.

Dabarar ita ce ki auna busassun kayan kowane burodi, ki tankaɗe, ki ƙulla a leda daban-daban tun da wuri. Gari da soda ba sa yin komai matuƙar ruwa bai taɓa su ba. Ki tanadi gawayi da tsala. Da kin ji sanarwa a rediyo, sai hura wuta. Babbar Sallah ba ta da wannan matsala, tunda ana sanin ranar 10 ga Zulhajji tun farkon watan, kuma a lokacin wanda ba a sa wa sukari ba ya fi tafiya da farfesu da romon kai.

Ki kuma lissafa lokaci. Tukunya ɗaya, burodi ɗaya, minti 45. Guda 20 kenan awa 15 ne, dare ɗaya ba zai isa ba. Da tukunya uku, zagaye 7 ne, awa 5 da 'yan mintoci. Saboda haka kada ki karɓi odar da ta fi ƙarfin tukwanenki. Ku haɗu ku biyu ko uku a gida ɗaya, kowa da tukunyarta, ku raba aikin. In kika raba ƙullun ƙanana guda takwas, kusan minti 20 zuwa 25 suke nuna, kuma sun fi sauƙin sayarwa ga mai ƙaramin kuɗi.

Lissafi kafin rance

Alƙaluman da zan faɗa misali ne kawai. Kowace ta je kasuwar garinsu ta tambayo farashin ranar, ta sa a gurbinsu. Mu ce a burodi ɗaya fulawa ta ci N800, tsala N300, sukari da mai N300, soda da gishiri N50, gawayi N200, leda N50. Jimla N1,700. Wannan shi ne uwar kuɗi. Sai ladan aikinki, mu ce N300, domin daren da kika raba kina fama da hayaƙi ba kyauta ba ne. Ya zama N2,000. Kika sayar N2,500, ribarki N500.

Guda 20 suna buƙatar jarin N34,000. A yawancin ƙungiyoyi doka ita ce rance ba ya wuce ninki uku na abin da kika tara, don haka ki fara duba littafinki ki ga ko zubinki ya kai. Idan kika sayar da duka 20, kin samu N50,000. A cire N34,000 na akwati, saura N16,000: ladanki N6,000, riba N10,000.

To ku saurara da kyau. Ranar Sallah ta zo. Ɗaya na maigida da yara, ɗaya gidan surukai, ɗaya maƙwabta, ɗaya 'yan yawon Sallah. Guda 4 sun tafi, N10,000 kenan, riba ta ƙare tas. Sai ƙanwar miji da aminiya da wata 'yar unguwa suka ɗauki ɗaya-ɗaya, “sai bayan Sallah.” Saura 13 aka biya, N32,500. Kin yi aikin dare a banza, kuma akwati yana bin ki cikon N1,500, ban da abin da dokar ƙungiyarku ta tanada a kan rance. Babu wanda ya sace miki ko sisi. Kunya da kara ne suka cinye jarin.

Ba na ce kada ki yi kyauta ba. Sallah ce, zumunci wajibi ne, kuma ba za ki toya abu ɗiyanki suna kallo ba. Abin da nake cewa shi ne ki ƙirga na gida tun farko, ki saye kayansa da kuɗin cefane ko abin da maigida ya bayar na Sallah, ki toya shi daban, ki ajiye a kwano daban. Na rance kuwa amana ce. Kuɗin da ke cikin akwatin nan na matar da ta hana kanta sabon zane ne, da wadda ta sayar da kaza ta yi zubi. Idan mai neman bashi ta matsa miki, ga amsa mai sauƙi wadda ba ta ɓata zumunci: “Yaya, wannan ba nawa ba ne, na ƙungiya ne.”

Wannan tsari namu na akwati mai makullai uku, a nan kusa ya samo asali. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar aka fara shi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Abin da ya riƙe shi tsawon shekarun nan shi ne kowace mace tana mayar da abin da ta ɗauka a kan lokaci, don ta bayanta ta samu. Rance ɗaya da ya maƙale bayan Sallah yana iya hana wata sayen taki ko iri idan damina ta kama.

Abin da za mu yi daga yau

A goman farko na azumi, ki toya guda ɗaya na gwaji da kuɗinki, ba da rance ba. Ku sha ruwa da shi, ku yi sahur da shi da shayi. Ki yanka ƙanana ki aika wa gidaje biyar da kike ganin za su saya. Mutanenmu sun saba da burodin kanti mai laushi kamar auduga, wannan kuwa yana da nauyi da ɓawo, don haka sai an ɗanɗana ake so. Idan ba a karɓe shi ba a unguwarku, asararki burodi ɗaya ce, sai ki koma kan cincin ɗinki da dubulan, ki yi musu irin wannan lissafi.

A goman tsakiya, ki karɓi oda. Duk mai so ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuta suna da adadi. Wadda ba ta iya rubutu ba, mai rubutun ƙungiya ko ɗanta ɗan makaranta ya taimaka mata. Kuɗin nan da aka ba ki zai rage yawan rancen da za ki ɗauka. A lokacin ne kuma ya kamata ki sayi fulawa da sukari da gawayi, kafin cunkoson goman ƙarshe ya ɗaga farashi. Idan ku biyar kuka haɗa kuɗi kuka sayi buhu a Gusau kuka raba, ya fi kowace ta riƙa awo a shagon unguwa, kuma mutum ɗaya ce za ta biya kuɗin mota daga Tsafe ko Bunguɗu.

A goman ƙarshe, ki auna, ki ƙulla, ki jira wata. Ranar Sallah, cikon kuɗi a hannu kafin burodi ya fita ƙofa. Da daddare ki ware kuɗin akwati, ki ƙulle shi wuri daban, kada ya kwana tare da kuɗin barka da Sallah na yara.

Zama mai zuwa, duk mai niyyar rancen toyi ta zo da abu uku: farashin kayanta na wannan makon, adadin da za ta toya na sayarwa da na gida, da sunayen waɗanda suka yi oda. A karanta a gaban kowa, a gyara mata inda ta manta. Ba tonon asiri ba ne, taimako ne. Mai tukunya mai kauri kuma ta zo da ita, wata ta zo da tsala, mu toya guda ɗaya tare kowa ta gani da idonta.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da jiharmu lafiya. Yanzu mai tambaya ta ɗaga hannu.